Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: me ya rage daga aikinsa a asibitocinmu?

Malam_Habu_Gaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk sanda aka tashi zancen ministocin lafiya na Najeriya, sunan marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ke fara fitowa. Likitan yara ne, ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992 a zamanin Janar Babangida, ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuni 2003. Abin da aka fi yabonsa da shi kiwon lafiya a matakin farko ne: rigakafi, ruwan gishiri da sukari, malaman asibiti na karkara. Ni kuwa a ganina wannan ɓangaren ne ya fi saurin rushewa bayan saukarsa. Abin da ya ɗore shi ne dokokin da aka kafa a lokacinsa, ta rajistar likitoci, ta magunguna, ta taba, ta madarar jarirai. Masu wannan aiki, ina son jin ta bakinku.

Hajiya_Rabi_CHO:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, a nan kam ban bi ka ba. Ka shiga kowane ɗakin shan magani na ƙauye yau, wa za ka tarar? Ba likita ba. CHEW ne, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, ko ƙaraminsa JCHEW, wani lokaci babbansu CHO. Wannan rukunin ma'aikata a zamaninsa aka daidaita shi, aka haɗe masa manhaja a makarantun koyon aikin lafiya na jihohi, sannan a 1992 aka yi masa hukumar rajista tasa.

Kafin shi an gwada wani shiri tsakanin 1975 da 1980, amma kuɗin ya tafi a gine-gine da kayan aikin da babu mai sarrafa su. Shi ya juya abin. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin abin koyi, aka haɗa su da jami'o'i da makarantun lafiya su riƙa duba su. Aikin farko ba gini ba ne: a ƙirga gidaje a sa musu lamba, a san mata masu ciki nawa ne, yara 'yan ƙasa da shekara biyar nawa ne, a ina ake ɗebo ruwan sha, a kafa kwamitin lafiya na ƙauye da na gunduma. Sai a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa da ta ɗora komai a kan wannan tushe.

Ga kuma littafin ƙa'idojin duba marasa lafiya. An tsara shi bisa shekarun mara lafiya da abin da ya kawo shi: ga tambayoyin da za ka yi, ga abin da za ka duba, in ka ga kaza ga hukunci, ga magani da awonsa, in ka ga kaza tura shi gaba nan take. Shi ne ke kare ma'aikaci a gaban doka, shi ne kuma iyakarsa. Inda abin ya lalace shi ne an tsara ƙaramin ma'aikaci ya yi mafi yawan lokacinsa cikin gari, gida-gida, amma da ya zamana shi kaɗai ne a asibitin, in ya fita sai an rufe ƙofa. Sai ya zauna ya koma ƙaramin likita.

Sani_Mai_Firji:
Hajiya, ranki ya daɗe, ma'aikata sun ɗore amma rigakafi bai ɗore ba, a nan Malam Habu na da gaskiya. Alƙaluman hukuma sun ce a 1990 an kai kusan kashi 80 cikin 100 a cututtuka shida na lokacin: tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, shan inna da ƙyanda. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 kuwa ya sami kashi 13 kacal na yara ne suka kammala allurarsu.

Mutane na ɗauka ƙin kawo yara ne kawai. Akwai wannan, amma akwai sanyi. Maganin rigakafi yana son maki 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi tun daga babban sito har cinyar yaro. Firjin ƙauye na wancan lokaci na kananzir ne. Dole a daidaita zamansa kada ya karkace, a gyara lagwani har harshen wutar ya zama shuɗi, in ya yi ja yana hayaƙi to ba ya sanyi, a share bututun hayaƙi, a rubuta awon zafi safe da yamma. Ranar da ƙaramar hukuma ta daina sayen kananzir, duk abin da ke ciki ya tashi aiki, kuma a lokacin babu alamar nan ta jikin kwalba mai canza launi in zafi ya taɓa maganin, sai 1996 aka fara sa ta a maganin shan inna. Ke nan ana iya yi wa yaro allurar ƙyanda a wata tara, a cika masa kati, ƙyanda ta zo ta kama shi. Uwar da ta ga haka da idonta ba ta ƙara dawowa.

Yanzu da firjin sola ya zo matsalar ta koma ɗaya gefen, wato daskarewa. Penta, wato allurar cuta biyar a haɗe, da Td na sarƙewar haƙora da mashaƙo, da na ciwon hanta in suka daskare sun mutu. Shi ya sa ba a ɗauko ƙanƙara daga firiza a jefa akwati kai tsaye, sai an bar ta a waje har an ji ruwa na motsi a ciki in an girgiza. BCG na tarin fuka da na ƙyanda kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, awa shida ne ko ƙarshen zaman allura, duk wanda ya riga zuwa, sai a zubar.

Dr_Auwal_Ƙididdiga:
Gyara kaɗan a kan kashi 80 ɗin nan, Malam Sani. Lissafin ofis ne: allurar da aka ba da rahoton an yi, a raba da yawan yaran da ake zaton akwai. To a 1990 ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka amince da ita ta 1963 ce, an soke ta 1973, sabuwa sai 1991. Kuma lissafin na kowace allura ne ita kaɗai. Binciken gida-gida na 1990 ya sami kusan kashi 30 ne suka kammala duka. Faɗuwa daga 30 zuwa 13 faɗuwa ce ta gaske, amma kada mu mai da wancan zamani abin da bai kai ba.

Sani_Mai_Firji:
Ko a 30 ɗin aka tsaya, Dakta, an rasa fiye da rabi cikin shekara goma sha uku.

Umman_Khalil:
Don Allah likitoci ku tsaya a kan ruwan gishiri da sukari. Iyayenmu awon da suka riƙe na kwalbar lemo biyu ne, yanzu kuma ana cewa lita ɗaya. Wanne za a bi?

Dr_Zainab_Yara:
Umman Khalil, tambayarki ta fi duk gardamar da ke sama amfani. Awon da aka koyar a zamanin Farfesa shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, ƙaramin cokali goma na sukari a shafe ko ƙwaya biyar, cikin ruwa mai tsabta kwalbar lemo biyu, wato mililita 600. An zaɓi kwalba ne domin ita ce ma'aunin da ke kowane gida. Ya ceci yara masu yawa a lokacin da ake hana mai gudawa ruwa wai don cikin ya tsaya.

Matsalarsa cokali. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, wata kuma ta cika shi ya yi tozo, wata ta juya awon ta sa gishiri goma. Gishiri in ya yi yawa a jinin jariri yana kawo jijjiga, yana iya kashewa. Sukari in ya yi yawa yana jawo ruwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Yanzu abin da ake so shi ne na ƙunshi, ORS, a juye duka cikin lita ɗaya, ba a rabawa, abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100, daga shekara biyu zuwa goma 100 zuwa 200, da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. A haɗa da zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida miligiram 10, ko da gudawar ta tsaya. Nono ba a dainawa. In babu na ƙunshi sam, sai a yi na gida: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Yaron da idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ya yi laushi, ko aka ga jini a kashinsa, wannan ba na gida ba ne, a tafi asibiti.

Umman_Khalil:
Allah ya saka da alheri, Likita. Zan tura wa matan gidanmu.

Pharm_Lawal:
Mu koma kan dokoki, don a nan ma sai an tantance. Dokar soja mai lamba 43 ta 1989 ta kafa jerin muhimman magunguna, kuma da farko ta hana shigo da duk maganin da ba ya cikin jerin, ko sarrafa shi, ko sayar da shi. Kamfanoni suka yi ca, daga baya aka sassauta ta ta tsaya a asibitocin gwamnati. To ka ga, Malam Habu, doka ma ana rage mata ƙarfi tun mai ita yana raye.

Sai asusun juya kuɗin magani, wanda ya fito daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987. Tsarin mai sauƙi ne. A ba asibiti jarin magani, a sayar da 'yar riba, kuɗin ya shiga asusu na daban, da shi za a sake saye, kwamitin gari yana sa hannu. Abu uku ke cinye shi. Na farko bashi: a ba manya da ma'aikata magani a rubuta, ba a biya. Na biyu rance: a ɗebi kuɗin a gyara mota ko a yi taro, da sunan za a mayar. Na uku, wanda ya fi yin ɓarna a wancan lokaci, faɗuwar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. A ce ka sayi kwali naira 100 ka sayar 120, ka koma kasuwa ka tarar ya zama 150. A littafi ka ci riba, a kanta kayanka sun ragu. Dole farashi ya bi kuɗin da za a sake saye, ba wanda aka saya ba. Ƙara da maganin da ke lalacewa a sito don ba a fara fitar da mai gajeren wa'adi ba, da marasa hali da aka yafe wa ba tare da an ce ga mai biya musu ba.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Shirin Bamako mu ma ya shahe mu. A Nijar anka bi tsarin biyan kuɗi a likita tun cikin shekarun 1990, kuma magani ya samu a CSI, wato ƙananan asibitocinmu na matakin hwarko. Sai a 2006 gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, CSI ta yi aiki ta aika takarda a biya ta. Yara sunka ƙaru ƙwarai wajen zuwa, wannan alheri ne. Amma biyan yana jinkiri watanni, asusu ya bushe, sai a rubuta wa uwa takarda ta sayo a waje. Abin da Malam Lawal ya hwaɗi ne: in an ce kyauta, a hwaɗi wa ke biya da kuma yaushe.

Bala_Kurna:
Ai shi ya kafa NAFDAC ma, ko wannan kaɗai ya ishe shi.

Pharm_Lawal:
Malam Bala, dokar NAFDAC lamba 15 ce ta 1993, hukumar ta fara aiki a 1994. An yi share fage a lokacinsa, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba sai bayansa, jama'a kuma ba su ji ta sosai ba sai zamanin Dora Akunyili daga 2001. Abin da aka yi a lokacinsa dokar jabun magunguna ce ta 1988.

Kuma a zamaninsa ne aka yi babban rashin da ya nuna akwai giɓi. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan saboda farasitamol na ruwa. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, sai an sa wani sinadari, propylene glycol. Aka sayar wa masu haɗawa da diethylene glycol a madadinsa. Su biyun ba su da launi, suna da kauri da ɗan zaƙi, ido da harshe ba sa rarrabe su, amma na biyun guba ne mai kashe ƙoda. Yaro ya zo da zazzaɓi, a ba shi magani, sai amai, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke. Iyaye kuwa suna ƙara masa maganin don suna ganin jikin ya ƙi. Rigakafinsa ɗaya ne: a gwada kowace ganga a ɗakin gwaji kafin a zuba, kada a dogara da takardar dillali, gubar kuma kada ta wuce kashi 0.1 cikin 100. An sake yin irinsa a 2008 da maganin haƙoran yara na My Pikin, yara 84, alhali NAFDAC na nan. A 2022 kuma Gambiya. Doka ta ɗore a takarda, gwajin ganga ne ba ya ɗorewa.

Barista_Nafisa:
Ta ɓangaren likitoci, dokar 1988 mai lamba 23 ce ta kafa MDCN, majalisar rajistar likitoci da likitocin haƙori, a madadin tsohuwar majalisar likitoci ta 1963, kuma da ita ake aiki har yau. Wanda ya gama karatu rajistar wucin gadi ake ba shi, ya yi shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manya a ɓangarori huɗu, cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa, sannan ya sami cikakkiyar rajista. Lasisin aiki kuma duk shekara ake sabuntawa. Wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar majalisar.

Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne hanyar kai ƙara. Ba a kai wa da baki. Ana rubuta takardar rantsuwa a kotu, a faɗi sunan likita, asibiti, ranaku da abin da ya faru, a haɗa da duk takardar da ke hannu. Kwamitin bincike zai aika wa likitan ya ba da amsa. In an ga akwai abin tuhuma sai a miƙa wa kotun ladabtarwa ta majalisar. Hukuncinta uku ne: gargaɗi, dakatarwa da ba ta wuce wata shida ba, ko soke suna daga rajista. Ɗaukaka ƙara sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba ta ba da diyya, mai neman diyya sai babbar kotu.

Inda ƙararraki ke mutuwa: iyali sun ce ƙaddara ce sun bar wa Allah, ko babu kwafin fayil, ko a kai ƙarar asibiti alhali majalisar mutum take hukuntawa. Rajistar asibiti mai zaman kansa aikin jiha ne, a Kano PHIMA ce. Wanda kuma ba likita ba ne yake yanka mutane, wannan na 'yan sanda ne. Sannan duk sanda gwamnati ta rushe majalisar, kamar yadda aka yi a 2015 aka daɗe ba a naɗa sabuwa ba, kotun ladabtarwa ba ta iya zama, fayiloli su taru.

Alhaji_Tukur_Fagge:
Kuna ta yabo, a faɗi ɗaya gefen. A lokacinsa aka fito da manufar yawan jama'a ta 1988 mai cewa 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Ba a zauna da malamai da sarakuna yadda ya kamata ba, mutanen Arewa suka ɗauka ƙayyade iyali ake son cusa musu ta ƙofar asibiti. Wannan zargi bai mutu ba. Da aka zo gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, sai ya sami abin kamawa, har ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004. Kuma a zamanin nasa ne manyan likitocin asibitocin koyarwa suka yi ta tafiya Saudiyya.

Dr_Zainab_Yara:
Alhaji, ranka ya daɗe, manufar ba doka ba ce, ba a hukunta kowa a kanta ba, amma na yarda yadda aka gabatar da ita ya bar tabo. Da an tsaya kan tazarar haihuwa da shayarwa ta shekara biyu, abin da addini da al'ada suka riga suka sani, da an fi samun karɓuwa. Trovan kuwa shekara huɗu bayan saukarsa ne, ba a ɗora masa.

A rubuta masa wannan kuma: dokar 1990 da ta taƙaita tallan madarar gwangwani. A gidan da babu ruwa mai tsabta, ga bulumboti da ba a tafasawa, ga madara ana tsinka ta don gwangwani ya kai ƙarshen wata, abin da ke biyo baya gudawa ce da tamowa. Sannan a Agusta 1997 da ƙaninsa Fela ya rasu, shi ya fito gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe shi, a lokacin da manyan gidaje ke ɓoye wannan ciwo, wasu ma ke cewa babu shi.

Sani_Mai_Firji:
Ba a ambaci kurkunu ba. An kafa shirin kawar da shi a 1988, ƙirgen farko ya sami sama da mutum 650,000. Ba allura ba magani: ƙyallen tace ruwa, hana mai ciwon shiga tafki, zuba maganin Abate a tafki don kashe ƙwarin ruwan da ke ɗauke da shi, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye yana kai rahoto duk wata. Mutum na ƙarshe a 2008, shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013. Wannan aikin matakin farko ne, kuma bai rushe ba.

Malam_Habu_Gaya:
Na ji ku duka. Amma Malam Sani, kurkunu ya ɗore ne don yana da masu ba da kuɗi daga waje irin Cibiyar Carter, da mai bibiya irin Janar Gowon. Abin da aka bar wa ƙananan hukumomi shi ne ya faɗi. Tambayata yanzu: miƙa musu asibitocin matakin farko da aka yi a lokacinsa, ba shi ne kuskuren ba?

Hajiya_Rabi_CHO:
Niyyar ita ce mai yanke shawara ya kasance kusa da masu ciwo. Abin da ya biyo baya shi ne asibiti ɗaya iyayen gida barkatai: albashi daga wannan ofis, ɗaukar ma'aikata da canjin wurin aiki daga wancan, rigakafi daga tarayya, gini daga ɗan majalisa. Shi ya sa a 2011 aka amince a tattara komai ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ana tura wani kaso kai tsaye asusun asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, da ke riƙe da wannan kaso, a 1992 aka kafa ta.

Pharm_Lawal:
Hajiya, asibiti ɗaya a mazaɓa ne ke samun kuɗin, sauran ƙananan fa? Su har yanzu takarda suke rubutawa a tafi kemis, kuma mai kemis lasisinsa na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, ba na allura ko ƙarin ruwa ba.

Dr_Auwal_Ƙididdiga:
Wanda ke cikin kwamitin ci gaban mazaɓa ya faɗa mana: kuɗin na shigowa duk wata uku kamar yadda aka tsara, kuma shugaban kwamiti na sa hannu kafin a cire, ko sai bayan an kashe ake kawo masa takarda?